Maganin Dala Ashirin: Sharhi Kan Ƙwayoyin da Muke Sha a Damargu

Barkanku da war haka, mutanen Tanut da Belbeji, na Gangara, Olelewa da Falanko, har da makiyayanmu na wajejen Tenhiya da Tarka waɗanda shirin nan yake iskewa a bakin rijiya. Yau sharhinmu a kan magani ne, irin wanda kowa ya saba da shi, wanda wataƙila yanzu haka yana cikin aljihun rigarka, ko a ƙulle a bakin zanenki.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bakin Birji ko ta Belbeji ya san wurin da zan kwatanta. Tire ne babba, ko tabarma a shimfiɗe, an tsiba ƙwayoyi launi-launi, wasu cikin katinsu, wasu zube a leda, rana tana dukansu tun hantsi. Sai ga magidanci, ya sayar da akuyarsa ko ɗan wakensa, ya tsuguna ya ce, "Malam, ba ni na ciwon jiki." Mai tire ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Na nawa?" Ya ce, "Na dala ashirin." Nan take a ɓallo masa farare biyu, ja ɗaya, da wata ƴar mitsitsiya, a ƙulle a leda. "Ka haɗiye su duka bayan isha'i, gobe ka tashi garau." Ciniki ya faɗa. Mai saye bai ji sunan ko ƙwaya ɗaya ba, mai sayarwa kuma bai tambayi komai game da jikin da za su shiga ba.

A gidan likita kuwa, in majo, wato malamin asibiti, ya san aikinsa, zai tambaye ka tun yaushe, ina ne yake ciwo, me ka riga ka sha. In mace ce ya tambaya ko tana da ciki ko tana shayarwa. In yaro ne a ɗora shi kan sikeli kafin a rubuta komai. A kasuwa aljihu ake aunawa, a likita jiki ake aunawa, kuma a ganina mafi yawan ɓarnar da magani yake yi mana a Damargu daga nan ta faro.

Mu ƴan ƙasar gero ne. Ba wanda zai yarda a zuba masa hatsi a buhu da ka, sai an kawo tiya an auna yana kallo. To magani ma da tiyarsa: sunansa, ƙarfinsa da ake rubutawa da miligiram, sau nawa a yini, har kwana nawa. In ɗaya cikin huɗun nan ya ɓace, sa'a kawai ake gwadawa.

Mu fara da parasetamol, tun da ba gidan da babu shi. Magani ne mai kyau, mai araha, yana sauke zafin jiki, yana kwantar da ciwon kai, kuma in an bi ƙa'idarsa mai ciki ma tana sha. Ƙwayar manya miligiram 500 ce. Babba ya sha ɗaya ko biyu, ya bar kamar awa shida tsakani, kada ya wuce takwas a yini da kwana. Tsoho, da wanda ya rame, da mai ciwon hanta, ciwon da ba baƙo ba ne a ƙasar nan, nasu bai kai haka ba. In aka zarce, hanta ce take biya, kuma a ɓoye abin yake tafiya. Ranar farko ɗan tashin zuciya ne kawai, mutum ya ɗauka ya tsira. Sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi ɗorawa, a ce shawara ce ta kama shi, alhali hantar ce ta ci wuta. Akwai kuma tarkon da mutane ba su lura da shi ba: da yawa cikin ƙwayoyin mura da na ciwon jiki akwai parasetamol a cikinsu, sai mutum ya sha wannan ya sha wancan, ya ninka bai sani ba.

Ga yaro, da nauyinsa ake lissafi, miligiram 15 a kan kowane kilo. Yaro mai kilo 10 ke nan 150 ne rabonsa, ƙwayar manya guda ta ninka haka fiye da sau uku. Kuma iyaye mata, ku riƙe wannan: parasetamol zafi yake saukewa, ba ya taɓa abin da ya kawo zafin. Ba mu manta da sanƙarau ɗin da ya ɓarke a jihar Damagaram daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ba, wanda ya fi tsanani wajen Dungas, Magariya, Mirya da Matamai. Zafin jiki da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya a cikin rani, wannan ba na jiran aikin ƙwaya ba ne, na ɗaukar hanya ne.

Sai waɗanda manoma da masu aikin ƙarfi suka fi so: diklofenak, ibuprofen da asfirin. Ƴan gida ɗaya ne. Suna rage kumburi, suna kashe ciwon baya, na gwiwa, na haƙori, kuma suna aiki da sauri, shi ya sa aka yarda da su. Amma yadda suke kashe ciwon, haka suke rage kariyar da ke jikin tumbi. Wanda ya mayar da su abin kullum, musamman ba komai a cikinsa, sai zafin ƙirji ya fara, daga nan gyambon ciki. In ka ga bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin yana yauƙi, ko ka yi aman jini, to jini ne yake zuba a ciki, ka daina shan su nan take ka nemi likita.

Illarsu ta biyu ta fi damuna, saboda irin ƙasarmu. Ƙoda da ruwa take aiki. A bazarar Damargu zafi yana haura digiri 40, mutum yana cikin rijiya yana yasa, ko yana sassabe, ko yana bin dabbobi, gumi yana zuba, ruwan sha kaɗan ne, wani lokaci ma da azumi a bakinsa. A wannan hali ƙoda tana wahala tun ba a ba ta komai ba. Ka zo ka ɗora mata diklofenak, jinin da yake isa gare ta ya ƙara raguwa. Haɗin nan na dala ashirin kuwa sau da yawa akwai biyu daga gidan nan a cikinsa, tun da launi aka duba. Wanda ƙodarsa ta tsaya, wankinta sai an dangana da babban asibitin Damagaram, kusan kilomita 150 daga Tanut, kuma zuwan ba na sau ɗaya ba ne. Mai hawan jini ya yi hattara da su, haka mai fuka. Mai tsohon ciki kada ta kusance su. Yaro mai zafin jiki kuma ba a ba shi asfirin. Wanda ya zama dole ya sha, ya sha bayan ya ci abinci, da ruwa mai yawa, na kwanaki kaɗan.

Ƴar mitsitsiyar nan da nake cewa, sau da yawa deksametazon ce. A hannun lokotoro tana ceton rai: mai fuka da numfashi ya sarƙe, wanda jikinsa ya kumbura don wani abu ya ƙi shi. A 2020, lokacin korona, a Ingila aka gano tana rage mutuwar waɗanda ciwon ya kai su ga iskar taimako. Amma a nan mun mayar da ita maganin gajiya, kuma ƴan'uwanmu mata sun mayar da ita maganin ƙiba, ana haɗa ta da wani mai buɗe ciki ana sha kafin biki. Ƙibar da take kawowa ku dube ta da kyau. Fuska ta yi zagaye, ciki da doron wuya su cika, hannuwa da ƙafafu kuwa su sirance, fata ta yi laushi ta tsattsage. Ƙarƙashin wannan akwai ciwon sukari, da hawan jini, da ƙashi mai saurin karyewa, da jikin da ba ya iya kare kansa, har tsohon tarin da ya kwanta ya farka. Mu maza muna da hannu a ciki, don mu ne muke nuna wa mace cewa in ba ta cika ba ba ta isa ba. Ke kuma ƴar'uwa da kika yi makonni kina sha, kada jin wannan ya sa ki yanke yau ɗin nan. Jiki ya riga ya dogara da ita, yankewa farat ɗaya tana iya kayar da mutum. Ki je likita ki faɗi gaskiya, a rage miki sannu a hankali.

Yanzu bari mu daɗe kan masassarar cizon sauro, don ita ce take ɗaukar mana yara duk damina. Dattawa suna tune da nibakin, mai ɗacin nan da ke sa wasu ƙaiƙayi har su kwana suna susa. Ta yi zamaninta, sai ƙwayar cutar ta saba da ita ta daina jin ta, abin da ya sa a 2005 Nijar ta sauya zuwa haɗin magunguna masu artemisinin, wanda aka fi sani da Coartem. Sau shida ake shansa cikin kwana uku. Bayan shan farko a sake bayan awa takwas, sannan safe da yamma kwana biyu. Yawan ƙwayar da nauyi yake tafiya: yaron da bai kai kilo 15 ba ɗaya-ɗaya, babba huɗu-huɗu, katin babba ke nan ƙwaya 24. Yana son maiƙo kafin ya ratsa jiki sosai, don haka a bi shi da nono ko abinci mai mai, kuma nono ba abin da Damargu ta rasa ba ne. In yaro ya amayar da shi nan da nan, a sake ba shi, a koma a nemi cikon katin.

Ga abin da yake faruwa a ɗakuna da yawa. Uwa ta goyo ɗanta ta yi tafiyar rabin yini, an soki yatsansa, gwaji ya nuna, an ba ta kati mai ƙwaya shida. Ta ba shi biyu ranar farko, biyu washegari. Da yamma sai ga yaro ya sauka daga baya yana bin kaji a tsakar gida. Ta dubi biyun da suka rage, ta dubi ƙanwarsa, ta tuna nisan hanya, sai ta naɗe katin ta tura ƙasan kwalla. Ba wanda zai ce wannan uwa ba ta son ɗanta, tanadi ne irin na wanda ya san wuya. Amma shan farko yawancin ƙwayoyin cutar yake kashewa, na ƙarshe shi yake share ragowar. Bayan mako biyu ko uku masassara ta dawo, ta iske yaron jininsa ya riga ya ragu. Ƙanwar kuma ranar da ta kwanta, ƙwaya biyu ba za su warkar da ita ba. Kuma irin wannan rabin shan yana cikin abin da ke koya wa cutar jure magani. An riga an tabbatar da alamun haka a Ruwanda, Uganda, Eritiriya da Tanzaniya. In Coartem ya bi sahun nibakin, ba mu da wani mai araha irinsa a ajiye.

Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, shi ya sa gwajin yatsa yake da muhimmanci, kuma bai wuce minti ashirin ba. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 cikin watannin damina, wanda aka fara a Nijar a 2013, shi ma na kwana uku ne kowane wata. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa ake bari, kuma nan ne ake yawan sakaci. Yana da ɗaci, yana iya sa amai ko ɗan kasala, wannan ba dalilin ɓoye yaro ba ne. Mai ciki kuma, a wajen awo ana ba ta Fansidar daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin haihuwa, tare da ƙwayar ƙarin jini. Ita wannan ta ƙarin jini tana sa bayan gida ya yi duhu, ciki ya ɗan ɗaure, ba komai ba ne, kada a daina. Sai dai a ɗaga ta inda hannun yaro ba ya kai, don in ya ɗauke ta alewa ya haɗiyi da yawa, guba ce.

A taƙaice kan allura: mun ɗauka ta fi ƙwaya ƙarfi, har wani in ba a soke shi ba gani yake ba a duba shi ba. Allurar kinin a ɗuwawu, a hannun wanda bai san inda jijiya ta bi ba, ta sha barin yara da shanyayyar ƙafa. In majo ya ce ƙwaya ta isa, ta isa.

Mu zo kan masu kashe ƙwayoyin cuta: amoksisilin, Bactrim, Flagyl, da kafson nan mai kai ja da ɗorawa, wato tetirasiklin. Amoksisilin shi ne yake ceton yaro mai ciwon haƙarƙari, wanda numfashinsa yake sauri, awazunsa suna shiga ciki. Amma mura ta yau da kullum ba ruwanta da su, haka mafi yawan zawon yara. Duk da haka, da yaro ya fara zawo sai a sayo kafso biyu, a buɗe, a zazzage garin a kunu. Tetirasiklin ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata haƙoran da ke tsirowa har abada, mai ciki ma ba ta sha. Abin da yake kashe yaro a zawo ƙarewar ruwa ne, maganinsa kuwa ƙullin gishiri da sukarin nan na likita, a zuba ɗaya a lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. A haɗa masa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono. In da jini a zawon, wannan na likita ne.

Masu kashe ƙwayoyin cuta ba a saye su na dala kaza. Ko a sha cikakke ko a bari. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba. Sannan suna da illarsu ta nan take. Flagyl yana sa baki ɗanɗanon ƙarfe da tashin zuciya, wannan a daure. Amma wanda ya sha amoksisilin ko Bactrim ko Fansidar ya ga ƙuraje sun feso, leɓe ya kumbura, numfashi yana wahala, ko fata da cikin baki suna saɓulewa, ya tsaya nan, a kai shi likita da gaggawa, ya kuma riƙe sunan maganin har ƙarshen ransa. Ka ga amfanin sanin suna ke nan.

Makiyaya, ku ma da taku. Kwalbar oksitetirasiklin da kuke yi wa saniya ko raƙumi allura, a jikinta an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta. Ku sa malamin dabbobi ya karanta muku. Kuma na dabba na dabba ne, an auna shi da jikin da ya ninka na mutum sau da yawa, ba a gutsura wa ɗan Adam.

Sai tramol, kuma nan maganar ta fi yi mini nauyi, don ƴaƴanmu ne. Tramadol magani ne na gaskiya, aikinsa irin na dangin morfin. Lokotoro yana rubuta wa wanda ya karye ko aka yi wa tiyata, miligiram 50 ko 100, ba a wuce 400 a yini. Wanda yake yawo a tasha kuwa 120 ne, 200, 225, har 250. Saurayin da ya kora biyu na 225 da shayin safe ya riga ya ƙetare iyakar da aka yanka wa mai karaya. Kwaltar nan da ta taso daga Damagaram ta ratsa Tanut ta nufi Agadas tana cikin hanyoyin da fataucinsa yake bi zuwa Libiya, kuma ba duka yake wucewa ba, wani a nan yake sauka. Wasu samarin a ramin zinariya suka koye shi tun da aka buɗe Jado a 2014, wasu a kan babur ɗin kabu-kabu, wasu a gonar ƙwadago, duk da sunan kada su gaji.

Gajiyar tana nan, jinta ne aka toshe. Sai wata rana yaro yana tsaye lafiya lau ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa, a ce farfaɗiya ce ko iska, in a kan babur ne kuma sai dai addu'a. In aka haɗa shi da ƙwayar barci irin diyazefam ko da giya, numfashi yana iya tsayawa cikin barci. Ranar da bai samu ba kuwa, gumi, ciwon gaɓoɓi, hamma, zawo, rashin barci, sai ya koma. A 2018 Indiya ta tsananta doka kan fitar da tramadol, sai ƴan fataucin suka koma wani haɗin, tafentadol da karisofurodol, wanda ya fi shi haɗari. Shi ma a Fabrairun 2025, bayan binciken da BBC ta yi, Indiya ta haramta shi. Ke nan ƙwayar da yaro yake kira tramol a yau, shi kansa bai san mece ce ba. Iyaye, duka da mari ba sa cire wannan daga jiki. Ciwo ne, a kai shi likita a rage masa sannu-sannu, a kuma tsaya kusa da shi.

Duk abin da na faɗa, na ɗauka ne cewa ƙwayar da ke kan tire ita ce abin da aka rubuta a jikinta. Amma ba kullum haka take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, a ƙasashe irin namu, ɗaya cikin kowane magani goma ko jabu ne ko bai cika inganci ba. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a rahotonsa na 2023 kan ƙasashen Sahel, ya ce a nan abin yana tsakanin kashi 19 zuwa 50 cikin ɗari. Nijar ta ɗanɗana wannan da zafinsa a 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau, da aka yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. A Gambiya, a 2022, yara kusan 70 suka rasu bayan shan ruwan maganin tari mai guba da ya lalata musu ƙoda. Ko na ƙwarai ne ma, a yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Ku auna wannan da tire a ranar Afrilu. Kuma da zarar an yanke kati da almakashi an sayar da bibbiyu, ranar lalacewarsa ta tafi tare da guntun da wani ya saya.

Na san abin da wani yake cewa yana jin shirin nan: "Malam, kana magana kamar likita a ƙofar gidana take." Gaskiyarka. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tana da nata yankin kiwon lafiya, amma ƙasar tana da faɗi, kuma makiyayin da ke arewa da Tenhiya yana iya yini a kan raƙumi ko amalanke kafin ya ga cibiyar lafiya ta CSI. In ya iso aka ce babu maganin, aka miƙa masa ordonas, wato takardar sayen magani, ya je farmasi a gari, gobe ba zai dawo ba, wurin mai tire zai tsaya. Tun 2006, zamanin Shugaba Tandja Mamadu, aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, kuma dokar ta ceci rayuka, sai dai jinkirin mayar wa cibiyoyin lafiya kuɗinsu ya daɗe yana barin kantocinsu wayam. Rufe iyakoki bayan Yulin 2023 ya ƙara tsananta ƙarancin. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocinta. Abin a yaba ne, amma rahusar ba ta da amfani ga wanda ya iske kanta babu komai.

Don haka kiran da nake yi wa hukumomi na abin da ake iya yi ne. Magungunan da suka fi ceton rai a karkara ba su da yawa kuma ba su da tsada: gwajin yatsa, Coartem, amoksisilin na yara, gishiri da sukari, zinki, parasetamol, ƙwayar ƙarin jini. Kada a bari ɗakin shan magani ko ɗaya a Damargu ya shiga damina ba su, wannan nauyi ne a kan hukumar magunguna ta ONPPC da shugabannin lafiya na Tanut da Belbeji. Ayarin likitocin tafi-da-gidanka su riƙa bin ranakun kasuwa da manyan rijiyoyi, inda jama'a suke taruwa da kansu. Ɗakin gwaji na LANSPEX da ke Yamai ya riƙa ɗibar samfur daga kasuwanninmu, a kuma faɗa mana a rediyo abin da aka gani. Kame tire a ƙone a bainar jama'a ba ya hana wani ya shimfiɗa sabo kasuwa mai zuwa, muddin buƙatar tana nan.

Ku kuma masu tire, ƴan'uwanmu ne ku, abinci kuke nema, amma rai ne a hannunku. In ba za ku bar sana'ar ba, ku bar tramol, ku bar deksametazon, ku daina yanka masu kashe ƙwayoyin cuta bibbiyu, ku daina haɗa abin da ba ku san me ke cikinsa ba. In an kawo muku maganar jariri ko mai ciki, ku ce a kai likita.

Kai kuma da ka samu ka isa gaban majo, kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce ya faɗa maka sunan maganin, sau nawa, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa, da abin da in ka gani za ka dawo. In ba ka karatu, ka sa ya ja maka layuka a jikin kwalin, na safe, na rana, na dare. Ka faɗa masa duk abin da ka riga ka sha, har da saiwa da jiƙo, don wasu ba sa jituwa. Mai hawan jini ko ciwon sukari, naka ba ya ƙarewa don ka ji sauƙi, in wata illa ta dame ka, kamar busasshen tari ko kumburin ƙafa, ka koma a sauya maka wani. Yaron da ya kasa kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya fara taune-taune, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, a kama hanya da shi ko da tsakar dare ne, a tafi da katin duk abin da aka ba shi a gida don majo ya gani.